Yadda Ake Tsara Atisayen Ƙwallon Kwando Tsakanin La'asar Da Magariba

Wanda ke horar da yara ƙwallon kwando a Kano, in ba ya samu damar shiga rufaffen ɗakin wasanni na filin Sani Abacha da ke Ƙofar Mata ba, abin hannunsa sananne ne: filin siminti a makaranta ko a unguwa, kwando biyu, ƙwallo uku ko huɗu, yara ashirin ko fiye, sai ɗan lokacin da ke tsakanin sallar la'asar da kiran magariba. Idan aka cire sharar fili da jiran masu latti, da ƙyar ake samun minti 90. Koci ba shi da ikon ƙara ƙwallo ko tsayar da rana. Abin da yake da iko a kai shi ne yawan aikin da kowane yaro zai yi a cikin mintocin nan, da kuma irin aikin.

A fara da lissafi. Yara 20 sun yi layi ɗaya suna leyof, wato jifan da ake yi a guje daga gindin kwando, kowa yana cin sakan biyar daga tashinsa zuwa miƙa ƙwallo ga na bayansa. A minti goma za a yi jifa 120, kowane yaro ya samu shida ke nan. Rabin minti yana aiki, minti tara da rabi yana kallon ƙeyar na gabansa. Daga nesa abin gwanin sha'awa, layi ya miƙe, usur yana tashi, wanda ya leƙo sai ya ce ana horo. Yanzu raba yaran gida huɗu, biyar-biyar, kowane rukuni da ƙwallonsa, rukuni biyu a kowane kwando, ɗaya ta dama ɗaya ta hagu. A cikin biyar ɗin, ɗaya yana jifa, ɗaya yana tsaro, ɗaya yana kama ƙwallon da ta dawo, biyu kawai ke jira. A minti goman nan kowa zai samu jifa wajen ashirin, ban da tsaron da ya yi da ribawun ɗin da ya kama, wato ƙwallon da ta dawo bayan jifa. Ba a sayi komai ba.

Abu na biyu ya fi wannan nauyi. Tsohon salo yana koya wa yaro motsi shi kaɗai, ya yi ta zagaye kwalabe ko duwatsu yana diribul, wato tafiya da ƙwallo ana buga ta a ƙasa, har ya ƙware, da zaton ran wasa zai yi amfani da shi. Ran wasa kuma sai ka ga yaron da ke wasa da ƙwallo kamar mai rufa-ido ya kai ta hannun abokin hamayya sau biyar. Dalilin shi ne kowane motsi a wasa yana da kashi uku: gani, yanke shawara, sannan aikatawa. Kwalba ba ta motsi, ba ta miƙo hannu, ba ta rufe hanya, saboda haka kashi na uku kaɗai yaron ya koya. Masu horarwa na zamani suna ba atisayen da babu abokin hamayya ɗan lokaci kaɗan, gwargwadon yadda yaro zai gane siffar motsin, daga nan sai a sa masa mutum a gaba.

Takardar koci

Kada ka shiga fili ba takarda a aljihu. Rabin shafi ya isa. A samansa rubuta abu ɗaya tak da ake son gyarawa a ranar, kuma daga wasan da ya wuce za ka samo shi, ba daga bidiyon da ka gani a TikTok jiya da dare ba. Mai nazarin alƙaluman wasa Dean Oliver na Amurka ya tattara abin da ke cin wasa a abubuwa huɗu: ingancin jifa, yawan zubar da ƙwallo, kama ribawun, da samun jifan fawul. Ka sa yaro ɗaya daga benci ya riƙa ƙirga maka waɗannan a kowane wasa. A ƙungiyoyin yara yawanci na biyun ne ke fara bayyana kansa. In ka ga an zubar da ƙwallo sau ashirin da wani abu, ka samu darasin mako biyu, kuma darasin ba "ku daina zubar da ƙwallo" ba ne. Sai ka duba a ina ake zubarwa: wajen tsallako da ita daga baya, ko wajen kutsawa cikin cunkoso, ko fasin ɗin da ake yi da ƙafa a sama.

A ƙasan darasin sai jerin mintoci, da sunayen rukunoni tun daga gida. Raba yara a fili yana cin minti uku zuwa biyar kowane lokaci, da gardamar wa zai bi wa.

Minti goma sha biyun farko na ɗumama jiki ne, amma ba zagaye fili ba. Gudun zagaye yana gajiyar da yaro ba tare da ya shirya idon sawu da gwiwa ga abin da ke tafe ba. A yi gudun gefe, gudun baya, tsayawa cak a kan ƙafa biyu, juyawa a kan ƙafa ɗaya, tsayuwa da ƙafa ɗaya na sakan ashirin kowane ɓangare, da ɗan tsalle a sauka a hankali. Wajen saukar ne za ka zuba ido: gwiwoyi su lanƙwashe, su kalli inda yatsun ƙafa suke kallo, kada su karkato ciki su haɗu. Targaɗen idon sawu shi ne raunin da ya fi yawa a wannan wasa, tsinkewar jijiyar cikin gwiwa kuma ta fi samun 'yan mata, kuma duk biyun wannan ɗan aikin yana rage su. A rufe da wasan kama-kama a cikin rabin fili, masu ƙwallo huɗu suna diribul suna bin sauran, wanda aka taɓa ya karɓi ƙwallo. Dole kai ya ɗago, don wanda ya kalli ƙasa ba zai kama kowa ba.

Jifa

A ba jifa minti goma sha biyar, kuma tun da wuri, kafin ƙafa ta mutu. Minti huɗun farko a kusa da kwando, taku biyu ko uku daga zobe: ƙafafu a faɗin kafaɗa, hannun jifa a ƙarƙashin ƙwallo, ɗaya hannun a gefe yana tallafe ba ya turawa, a bar wuyan hannu a karye har ƙwallo ta taɓa zobe. Wanda ya ci biyar ba tare da ta taɓa ƙarfe ba ya ja baya taku ɗaya.

Daga nan kada a bar yaro ya yi jifa biyu a jere daga wuri ɗaya. Wannan yana ba kociyoyi da yawa mamaki, domin wanda ya tsaya wuri guda ya jefa ashirin zai ci da yawa, ya tafi gida yana murna. Sai dai bayan jifa na biyu ko na uku hannu ya riga ya auna nisan, sauran maimaici ne kawai. A wasa kuwa kowace jifa ta farko ce: sabon wuri, sabon nisa, bayan gudu. Don haka a yi mutum uku da ƙwallo ɗaya. Ɗaya ya jefa ya bi ƙwallonsa, ya ba na biyu da ya canza wuri, na uku ya rugo da hannu a sama kamar mai tsaro. Adadin da ake ci zai faɗi a makonnin farko. Ka gaya musu tun kafin su karaya.

Batun nisa yana buƙatar gaskiya. Zobe yana mita 3.05 daga ƙasa, layin maki uku yana mita 6.75 a ƙa'idar FIBA, hukumar ƙwallon kwando ta duniya, kuma lissafinsa a fili yake: wanda ke cin ɗaya cikin uku daga bayan layi daidai yake da mai cin rabi daga ciki. Shi ya sa wasan duniya ya koma ko dai ƙarƙashin kwando ko bayan layi. A watan Yulin 2021 da D'Tigers, ƙungiyar maza ta Najeriya, suka doke Amurka 90 da 87 a wasan sada zumunta a Las Vegas, jifan maki uku guda ashirin suka ci. Amma waɗannan manya ne. Yaro ɗan shekara goma sha ɗaya da ƙwallo lamba 7 ba zai kai ta zobe daga nan ba sai ya wurgo ta daga ƙugu da hannu biyu, kuma wannan ɗabi'a tana ɗaukar shekaru kafin ta fita. Lamba 5 ce ta ƙananan yara, lamba 6 ta mata da samari masu tasowa, lamba 7 ta manyan maza. In kuɗin ƙwallo ɗaya kawai ka samu kuma yaranka ƙanana ne, sayi lamba 5. Tunda sauke zobe ba ya yiwuwa a yawancin filayenmu, a zana musu nasu layin da alli ko gawayi a mita huɗu ko biyar, a ce daga nan maki uku ne.

Wasannin fifiko

Nan ne zuciyar atisayen, minti ashirin. Manufar ita ce a ba mai kai hari ɗan fifiko, rabin taku ko ƙarin mutum ɗaya, a bar shi ya koyi cin moriyarsa kafin ya ɓace. Domin duk dabarun wasa, daga shinge, wato tare wa mai tsaro hanya da jiki don abokinka ya kuɓuce, zuwa gudun kai farmaki, abin da suke nema ke nan: a samu ɗan fifiko, a riƙe shi, a mayar da shi maki.

Mafi sauƙi shi ne ɗaya da ɗaya daga kafaɗa. Mai ƙwallo yana bayan layin maki uku, mai tsaro yana gefensa kafaɗa da kafaɗa, dukansu suna kallon kwando. Da mai ƙwallo ya motsa an fara. Diribul biyu kawai aka yarda masa. In ya tafi a miƙe ya sa jikinsa tsakanin mai tsaro da ƙwallo, zai ci. In ya yi lanƙwasa yana gudun haɗuwa, mai tsaro zai cim masa. Ba sai ka yi dogon bayani ba, bayan an tare shi sau uku zai gane. Abin da za ka gyara shi ne ƙafa: taku na farko dogo kuma ƙasa-ƙasa, kafaɗarsa ta wuce ta daidai ƙugun mai tsaro. A yi ta dama, a yi ta hagu, kuma ta hagu a gama da hannun hagu ko da za a yi ta zubarwa.

Na gaba, biyu da ɗaya: mai ƙwallo a sama, abokinsa a kusurwa, mai tsaro ɗaya a tsakiya. Tambaya ɗaya ce a gaban mai ƙwallo: ƙirjin mai tsaro yana kan hanyata ko ba ya kai? In yana kai, fasin. In ba ya kai, kwando. Kuskuren da ake yawan yi shi ne fasin da wuri, tun mai tsaro bai zaɓi ɓangare ba, sai ya samu damar tsare mutum biyu shi kaɗai. Na biyu shi ne yin tsalle kafin a yanke shawara. Maganin duka biyun shi ne tsayawa a kan ƙafa biyu a cikin raga, wato akwatin da aka zana a ƙasa a gaban kwando, a juya, a duba. Daga nan a koma uku da biyu, sannan a ƙara mai tsaro na uku da zai taso daga tsakiyar fili bayan sakan biyu, don masu hari su san fifiko ba ya jira. 'Yan ƙungiyar San Antonio Spurs ta Amurka a zamanin kocinsu Gregg Popovich sun shahara da ƙa'idar rabin sakan: da ƙwallo ta zo hannunka, ko ka jefa, ko ka kutsa, ko ka bayar. Yara suna kama wannan da sauri in aka mayar da shi doka: wanda ya riƙe ƙwallo har ka ƙirga biyu, ta koma hannun abokan hamayya.

A canza masu tsaro kowane minti biyu, a riƙa ƙirga maki da ƙarfi. Atisayen da ba a ƙirga maki a cikinsa, tsaronsa na wasa ne, kuma in tsaro na wasa ne shawarar da mai hari ke yankewa ma ta wasa ce.

Bayan hutun ruwa na minti uku sai uku da uku a kowane kwando, minti goma sha biyar. Da yara 20, kowane kwando yana da ƙungiya uku, wadda aka ci ta fita, mai jira ta shiga nan take, ragowar mutum ɗaya yana canji. A uku da uku babu wurin ɓuya, kowa yana taɓa ƙwallo, kowa yana tsaro, fili kuma a buɗe yake. Ba ƙaramin wasa ba ne ma a kan kansa, tun gasar Olamfik ta Tokyo ake ba da lambar zinare a kansa, da agogon jifa na sakan 12.

A nan ake koyarwa da doka maimakon baki. In yaranka suna yawan diribul, ka ce diribul biyu ga kowane mutum. In ba sa motsi bayan fasin, ka ce kwandon da aka ci ta hanyar yankawa, wato rugawa zuwa raga ba ƙwallo a hannu don a karɓi fasin, maki uku ne. In suna jifa daga nesa ba dalili, ka ce ba a jifa sai ƙwallo ta taɓa cikin raga ta fito. In ba sa bin ribawun, ka ce wanda ya kama ribawun na hari ya samu maki ɗaya. Doka ɗaya a lokaci ɗaya, kuma a cire ta a minti biyar na ƙarshe a ga ko ɗabi'ar ta zauna. Akwai haɗari a nan: dokar da aka daɗe a kanta tana haifar da tata cutar. Yaran da suka yi wata guda a kan "sai an yi fasin biyar" za ka ga sun samu hanya a buɗe zuwa kwando sun juya baya suna neman wanda za su ba.

Tazara ita ce abin da za ka fi maimaitawa. Yara suna bin ƙwallo kamar ƙudaje a kan mangwaro, su taru wuri ɗaya, mai tsaro ɗaya ya tsare uku. Zana da'ira biyar da alli a bayan layi: sama, gefe biyu, kusurwa biyu, tsakanin kowace da 'yar uwarta mita huɗu zuwa biyar. Wanda ba shi da ƙwallo, ko yana kan da'ira, ko yana yankawa, ko yana komawa wata da'irar da babu kowa. Dogon yaro ma ya fito ya tsaya a kai. Dasa shi a ƙarƙashin kwando tun yana shekara goma sha biyu zai ci maka wasa bana, amma in sauran suka kamo shi a tsawo ya zama ba diribul ba jifa. Hakeem Olajuwon, ɗan Najeriyar da ya shahara a ƙwallon kwando a Amurka, ƙwallon ƙafa da ƙwallon hannu ya fara yi a Legas kafin ya taɓa ta kwando, kuma aikin ƙafarsa ne ya bambanta shi da sauran dogaye.

Haka batun tsaron yanki, inda kowa ke gadin wani ɓangare na fili maimakon wani mutum. Yana cin wasa a matakin yara saboda ba su da ƙarfin jifa daga nesa, amma yaron da ya tashi yana gadin wuri bai koyi tsare mutum ba. A tsaya a kan mutum da mutum har wajen shekara goma sha huɗu: mai tsaron ƙwallo tazarar hannu ɗaya, na kusa da shi hannu a kan hanyar fasin, na nesa ƙafa ɗaya a cikin raga yana ganin mutuminsa da ƙwallo a lokaci ɗaya.

Biyar da biyar ya samu minti goma sha bakwai, a gajerun wasanni na minti uku ko huɗu, ba dogo ɗaya ba. Ka ƙirga sakan 24 na jifa da sakan 8 na tsallake tsakiya da bakinka, ka hura laifin taku, wato tafiya da ƙwallo ba diribul, da fawul yadda alƙali zai hura. Wani lokaci ka ba su yanayi: saura minti ɗaya, ana binku maki uku, ƙwallo taku. Kada ka tsayar da wasa a kowane kuskure. Zaɓi abin da ya shafi darasin ranar kawai, ka tsayar sau biyu ko uku, kowane tsayi kada ya wuce rabin minti. Tambaya ta fi umarni aiki: "Sani, da ka kutsa, ina mai tsaron Habu yake?" In ya amsa, ya gani ke nan. In ya yi shiru, ka san matsalar a ido take, ba a hannu ba. Gyaran mutum ɗaya kuma a yi shi a gefe, wasa yana tafiya. Tsawa a gaban jama'a tana koya wa yaro abu ɗaya, ya rabu da ƙwallo da sauri kada laifi ya faɗa kansa. Hukunta kuskure da gudu ko tsallen kwaɗo ma haka.

Mintocin ƙarshe na jifan fawul ne, yanzu da numfashi yake sama, bibbiyu kamar a wasa, ba goma a jere ba. Kowa ya faɗi abin da ya ci a rubuta a littafi. A sallami yara da sauran lokacin da za su yi alwala su samu jam'i.

Yanayin garin

Daga Maris zuwa Mayu zafin Kano yana kai digiri 40, siminti kuma yana riƙe zafi har bayan la'asar. A wannan lokaci a sha ruwa kowane minti goma sha biyar, ba sai an ji ƙishi ba, kowane yaro ya zo da aƙalla leda uku ta fiya wata ko gorarsa. Wanda ya ce kansa yana juyawa, ko yana jin amai, ko ya fara magana ba kan gado, a kai shi inuwa a jiƙa masa jiki, in bai dawo daidai nan da nan ba a wuce asibiti. Hana ruwa da sunan koya juriya ganganci ne. A hunturu ƙura ce matsalar, tana sa fili santsi, sai an share kafin a fara, kuma a san masu asma da inda abin shaƙarsu yake. Da damina kada a yi wasa a jiƙaƙƙen siminti ko da yaran sun roƙa. Da azumi a rage zuwa minti arba'in na jifa da aikin ƙafa kafin shan ruwa, wasa mai gudu a bar shi sai bayan asham in akwai fitila.

Siminti ba ya yafe wa gwiwa. Yaro mai tasowa da ke kukan ciwo a ƙasan ƙoƙon gwiwa, inda ƙashi ya ɗan tudu, a rage masa tsalle da gudu na wasu makonni, ya ci gaba da jifa da fasin. Atisaye uku a mako da wasa ɗaya ya isa, kuma tunda yawancin Islamiyyu suna hutu Alhamis da Juma'a, a nan za ka fi samun yara cikakku, sai ka ajiye darasi mai nauyi a ranakun. Ga masu horar da 'yan mata, FIBA ta halatta wasa da ɗankwali ko hijabin wasa tun 2017, don haka ba hujjar hana kowa shiga gasa. A tabbatar dai babu allura ko fil a jikinsa, kuma ya kama kai sosai yadda yatsan wata ba zai sarƙe a ciki ba wajen ribawun.